Kumburi Ba Ƙiba Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da ba ku daɗe da barin ɗakin karatu ba, akwai wata karin magana da manyanmu suka mayar garkuwa. Duk ranar da aka tambaye su dalilin da ya sa za su sake ciyo wa ƙasa bashi, sai su ɗaga ta, wai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Su ce Amurka ma ana binta, Japan ma ana binta, to mu su wane ne? Daga nan sai a sa hannu a takarda, a ɗauki hoto, a watse. Ni kuwa na ce wannan karin magana gaskiya ce da ake haƙa rami da ita don a binne wata gaskiyar. Hanji yana cikin kowa, babu musu. Amma mutumin da cikinsa ya kumbura ya yi kamar tulu, ƙafafunsa suka yi suntum, wanda duk ya tare shi a hanya ya ce masa barka da ƙiba, to ko dai jahili ne, ko kuwa yana da gado a gidan. Ƙasarmu ta yi irin wannan kumburi har sau biyu a idon mutanen da ke raye yau, kuma duk sau biyun an yi mata barka, an buga mata tambari.

Abin da masana tattalin arziki ke kira kumfar bashi ba shi da wuyar ganewa, sai dai masu cin moriyarsa sun fi son a ɗauka yana da wuya. Mu ce akwai fili a bayan gari, kuɗinsa Naira miliyan 1. Banki ya buɗe ƙofa ya ce duk mai son sayen fili ya zo ya karɓi rance. Mutum goma suka karɓa, suka nufi fili ɗaya, farashinsa ya tashi ya zama miliyan 2. Wanda ya samu filin ya koma banki ya jinginar da shi a kan sabon farashi, ya karɓi wani rancen, ya nufi fili na biyu. Manajan banki ya duba littafinsa, ya ga jinginar da ke hannunsa ta ninka, ya ce ashe ma rowa yake yi, ya ƙara sakin kuɗi. Ba a haƙa rijiya a filin nan ba, ba a dasa ko zogale ba, amma kowa a takarda ya yi arziki. Rancen ne ya ɗaga farashin jingina, farashin jingina kuma ya halatta sabon rance, haka abin zai yi ta zagayawa kamar jakin da ke bin dusar da aka rataya masa a gaban hanci. Ranar da mutum ɗaya ya matsu ya ce zai sayar, ya nemi mai saye da kuɗin hannunsa ya rasa, ran nan kowa zai gane cewa farashin ya sauka, bashin kuwa yana nan daram yadda aka rubuta shi, har da kuɗin ruwa.

Ku cire kalmar fili ku sa hannun jarin banki, kun sami labarin Nijeriya daga 2005 zuwa 2009.

A watan Yuli 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Farfesa Charles Soludo, ya ba da sanarwa cewa kowane banki sai ya ɗaga jarinsa daga Naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, in ba haka ba ya rufe. Bankuna 89 suka haɗe, suka haɗiye juna, suka koma 25. Manufar ba ta da laifi, domin da yawa daga cikin tsofaffin bankunan shagunan canji ne kawai masu sanye da kwat. Sai dai bankunan ba su tsaya a biliyan 25 ba. Aka shiga tsere, kowa yana son a ce shi ne babba a Afirka ta Yamma, suka yi ta komawa kasuwa a 2006 da 2007 suna sayar da sababbin hannayen jari. Rediyo da talabijin da jaridu suka cika da talla. Malamin makaranta, da akawun ma'aikatar ƙasa da safiyo, da ɗan fansho da ya karɓi garatutinsa, da ɗan kasuwar da bai taɓa sanin ana sayar da banki gunduwa-gunduwa ba, duk suka shiga layi suna cike fom. A lokacin kuma man fetur yana ta hawa, kuɗin gwamnatoci suna kwarara cikin bankunan, 'yan kasuwar ƙetare suna shigo da dala don su ci rabonsu.

To, banki ya tara kuɗi fiye da abin da ya san yadda zai yi da shi. Ba da rance ga mai masaƙa a Kano ko Kaduna aiki ne mai wahala, ga rashin wutar lantarki, ga kayan fasa-ƙwauri, ga jiran shekaru kafin riba ta fito. Sai bankuna suka gano hanya mai sauƙi: su ranta wa mutane kuɗi su sayi hannun jari, hannun jarin kuma ya zama shi ne jingina. Ka kawo kaɗan daga aljihunka, banki ya cika maka sauran. Hannayen jarin da aka fi saye kuwa na bankunan ne da kansu. Watau banki yana ba da kuɗin masu ajiya a sayi takardar banki, farashin takardar ya tashi, banki ya nuna wa duniya cewa darajarsa ta ƙaru, ya sake fitowa kasuwa ya sayar da wata takardar da tsada. A ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin farashin Kasuwar Hannayen Jari ta Legas ya haura 66,000, darajar hannayen jarin da ke kasuwar ta kai kimanin Naira tiriliyan 12.6. A shekarun nan masaƙun Kakuri suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, amma ana ce mana tattalin arziki yana bunƙasa.

Shekara guda bayan haka ma'aunin nan ya faɗo kusan 20,000. Kashi 70 cikin 100 na wannan dukiya ta takarda ya bi iska.

An sha gaya mana cewa laifin Amurka ne, wai gobarar da ta tashi a bankunansu ce ta lashe mu. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, domin masu dala sun kwashe kuɗinsu sun gudu, gangar mai da ta kai dala 147 a watan Yuli 2008 ta faɗo ƙasa da dala 40 kafin ƙarshen shekara, waɗanda suka ci bashin banki suka shigo da tataccen mai da tsada suka rasa yadda za su biya. Amma ku duba kalanda. Kasuwarmu ta fara gangarowa tun watan Maris, bankin Lehman Brothers na Amurka kuwa sai a watan Satumba ya durƙushe. Wata shida tsakani. Iskar waje ta kaɗa, gaskiya ne, amma gara ta riga ta gama da ginshiƙin ɗakin. Rancen da bankunanmu suka zuba a kasuwar hannayen jari kaɗai ya tasam ma Naira tiriliyan 1, kuma babu Ba'amurken da ya riƙe musu alƙalami.

Abin da ya fito fili daga baya ya fi haka muni. Sanusi Lamido Sanusi ya karɓi Babban Banki a watan Yuni 2009, ya tura masu bincike, a ranar 14 ga Agusta ya sallami shugabannin bankuna biyar, watau Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu Naira biliyan 420 don kada su rufe da kuɗin jama'a a ciki. A watan Oktoba aka ƙara biliyan 200 ga wasu bankunan, jimla biliyan 620. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Fabrairu 2010, ya bayyana yadda aka yi wasan. Ya ce Afribank ya yi amfani da kuɗin masu ajiya ya sayi kashi 80 cikin 100 na hannayen jarin da shi kansa ya fitar kasuwa, ya ce kuma kashi 30 cikin 100 na jarin Intercontinental da kuɗin masu ajiya aka saye shi. Ku tsaya ku auna wannan. Jarin banki shi ne katangar da ke kare mai ajiya in rance ya lalace. Ashe an ɗebi ƙasar cikin ɗaki ne aka yi katangar da ita. Malamin makarantar nan da ya ga farashi yana tashi ya ɗauka dubban mutane ne ke rububi, alhali kuwa mai kayan ne ke taya kayansa da kuɗin maƙwabta.

Ina masu binciken asusu da suka sa hannu a kan littattafan nan shekara da shekaru? Ina hukumar da ke sa ido a kan kasuwar? Ina jaridun da ke raba lambobin yabo na gwarzon ma'aikacin banki, waɗanda shafukansu suka cika da tallan bankunan da ya kamata su bincika? Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, domin muddin kumfa tana tashi kowa yana lasar wani abu a gefenta. Wannan ita ce sifar kumfar bashi da ta fi kowace haɗari: mai faɗakarwa yakan zama kamar mahassadi a gidan biki.

Yanzu sai mu zo kan wanda ya biya, domin nan ne maganar ta shafe ku. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta saye ruɓaɓɓun basussukan bankuna. Ta sayi basussuka fiye da 12,000, waɗanda a takarda suka kusa Naira tiriliyan 4, ta kuma cike ramin jarin bankunan da suka karye. A watan Agusta 2011 gwamnati ta karɓe bankuna uku, Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka sake musu suna, masu ƙananan hannayen jari a cikinsu suka tashi da takarda a hannu. Dubban ma'aikatan banki, yawancinsu matasa irinku, aka sallame su. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu a watan Oktoba 2010, aka ƙwace kadarori na kimanin Naira biliyan 190, aka yanke mata ɗaurin wata shida. Wata shida! Ku tambayi kowane lauya abin da ɓarawon akuya ke samu a kotun majistare. Ita kuwa AMCON, wadda aka ce aikin shekara goma za ta yi, ta shiga 2024 tana nan tana bin bashi, kuma da bakinta ta sha faɗin cewa mutane da kamfanoni kimanin 350 ne ke riƙe da fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da take bi. Bankuna suna biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dukiyarsu kowace shekara don a cike wannan rami, kuma wanda ya ɗauka daga aljihun masu banki kuɗin ke fita bai taɓa duba abin da ake yanka masa a asusunsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kada wani ya ce wannan halin 'yan kasuwa ne, gwamnati ta fi su hankali. Gwamnati ce ta fara koya musu. Abin da hannun jari ya zama wa bankuna a 2007, shi man fetur ya zama wa gwamnati shekaru talatin kafin nan. Bayan tashin farashin mai na 1973, bankunan Turai da Amurka sun cika da dalar ƙasashen mai, suna yawo ƙasa ƙasa suna neman mai karɓa. Mu kuma mun riga mun saba da kashewa: ga garaɓasar Udoji, ga jiragen ruwa fiye da 400 da suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas a 1975, yawancinsu ɗauke da siminti, ana biyansu kuɗin jira kullum. Da kuɗin mai ya ɗan ja baya, a 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta karɓi rancen dala biliyan 1 daga bankunan kasuwanci na ƙetare, mafi girma da ƙasar ta taɓa ci har zuwa lokacin. A shekarar nan ce dai aka ƙara wa ɗaliban jami'a kwabo 50 a kuɗin abincin yini, suka fito zanga-zangar neman a cire Kwamishinan Ilimi Kanar Ahmadu Ali, aka harbe ɗalibai a Legas da Zariya. Ƙasar da ke da ƙarfin cin bashin dala biliyan ba ta da ƙarfin ciyar da ɗalibanta.

Jamhuriya ta Biyu ta zo ta buɗe ƙofar gaba ɗaya. Gwamnatin tarayya tana ci, jihohi 19 suna ci, 'yan kasuwa masu lasin shigo da kaya suna kawo shinkafa da madara da motoci a kan bashi, duk bisa zaton cewa gangar mai da ta kusa dala 40 a 1980 ba za ta taɓa sauka ba. A 1981 Cif Obafemi Awolowo ya rubuta wa Shugaba Shehu Shagari wasiƙa yana gargaɗin cewa tattalin arziki ya doshi dutse, aka ce siyasa ce ta wanda ya faɗi zaɓe. Kafin shekara ta zagayo, a watan Afrilu 1982, gwamnatin da ta ƙaryata shi ta kai wa majalisa dokar tsuke bakin aljihu. Abin da ƙasar ke samu daga mai ya faɗo daga kimanin dala biliyan 25 a 1980 zuwa ƙasa da biliyan 7 a 1986. Daɗin daɗawa, rancen bankunan ƙetare ba a kan tsayayyen kuɗin ruwa aka ci shi ba, yana hawa yana sauka ne da kasuwa, kuma a daidai lokacin Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya kai kashi 20 cikin 100 don ya kashe tsadar kayan ƙasarsa. Jingina ta faɗi, ruwa ya tashi. Meziko ta ɗaga hannu a watan Agusta 1982, bankuna suka rufe ƙofa ga kowa.

Iyayenku za su ba ku sauran labarin: layin sabulu da madara a 1984, korar ma'aikata, muhawarar rancen IMF ta 1985 wadda jama'a suka ce ba sa so, aka ƙi karɓar kuɗin amma aka karɓi sharuɗɗan da sunan SAP a 1986. Nairar da a 1980 ta fi dala ɗaya da rabi, kafin ƙarshen 1986 sai ka ba da uku ko huɗu ka sami dala ɗaya. Albashin malamin jami'a ya zama abin dariya, ƙwararru suka tsere, ɗakunan karatu suka daina sayen littattafai. Bashin nan, wanda kaso mai yawa nasa kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri, ya bi mu har 2005, lokacin da ƙasashen Kulob ɗin Paris suka yafe dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30 da suke binmu, mu kuma muka ƙirga musu biliyan 12.4 a cikin 'yan watanni. Shinkafar da aka ci a 1981, jikoki ne suka biya kuɗinta.

To, ina muka kwana? A tsakiyar 2015 bashin da ke kan gwamnatocin Nijeriya, na gida da na waje, kimanin Naira tiriliyan 12 ne. A ƙarshen 2023 ya kai tiriliyan 97, a ƙarshen 2024 ya haura tiriliyan 144. Don adalci, wani ɓangare na wannan hawa faɗuwar Naira ce daga watan Yuni 2023, wadda ta kumbura bashin dala in an lissafa shi da kuɗinmu. Amma wannan ba uzuri ba ne, shi ne ma ainihin haɗarin cin bashi da kuɗin da ba kai ke buga shi ba. Wanda ya fi ban takaici shi ne wanda aka ci a ɓoye. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce rancen wucin gadi da bankin zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya shi cikin shekara. Aka yi ta ɗiba har ya kai Naira tiriliyan 22.7, watau buga kuɗi kawai ake yi ana kashewa. A watan Mayu 2023, ana saura 'yan makonni gwamnati ta sauka, majalisa ta wanke wannan ta'asa, ta mayar da ita bashin shekara 40 a kan ruwa kashi 9. Wanda ke aji ɗaya a jami'a yau zai kusa ritaya ba a gama biya ba. Kuɗin da aka buga kuwa tuni aka fara karɓarsu daga hannunku ta hanyar farashin gero da kuɗin mota, domin tsadar kaya ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024.

Masu kare wannan hali suna da hujja ɗaya da suke ji da ita. Sukan ce in aka auna bashinmu da yawan abin da ƙasa ke samarwa a shekara, bai kai na Japan ko Amurka ko Ingila ba, saboda haka akwai sauran wuri. Wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Ba da abin da ƙasa ke samarwa ake biyan bashi ba, da abin da ya shiga baitulmali ake biya, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙarancin kuɗin shiga in an auna da girman tattalin arzikinsu. Bankin Duniya ya lissafa cewa a 2022 hidimar bashi ta cinye kimanin kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Magidancin da bashi ke cinye Naira 96 daga kowace 100 ta albashinsa, ba ya yi wa iyalinsa ta'aziyya da cewa unguwarsu tana da arziki. Japan kuma da kuɗinta take ci, daga hannun mutanenta, a kan ruwa ɗan kaɗan. Mu da muka fita kasuwar Turai a watan Disamba 2024 muka karɓo dala biliyan 2.2, ruwan da aka yanka mana kusan kashi 10 ne, kuma da dala za a biya. Masu ba da rancen sun san matsayinmu sarai, shi ya sa suka sa wannan farashi.

Wanda ke ganin ƙasa ba ta karyewa ya leƙa Gana. An yafe mata basussuka a 2004, ta shiga kasuwar Turai a 2007, aka yi ta yabonta ana ba ta. A watan Disamba 2022 ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, tsadar kaya ta wuce kashi 50 cikin 100, gwamnati ta juyo kan 'yan ƙasarta da suka ranta mata ta ce su karɓi sababbin takardu masu ƙarancin ruwa da dogon wa'adi. A watan Fabrairu 2023 tsofaffin ma'aikata suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Akara, har da tsohuwar Babbar Jojin ƙasar, Sophia Akuffo. Ku ƙananan ma'aikata da ake yankar kuɗin fansho daga albashinku kowane wata, ku sani mafi yawan kuɗin fanshon Nijeriya a takardun bashin gwamnatin tarayya aka zuba su. Ba 'yan kallo ba ne ku, masu bin bashi ne, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Ba na cikin masu cewa duk rance annoba ne, maganar halacci da haramcin kuɗin ruwa kuwa na bar wa malamai, sun fi ni sani. Rancen farko da Nijeriya ta karɓa daga Bankin Duniya a 1958, dala miliyan 28, da shi aka ja layin dogo zuwa Maiduguri. Na 1964, dala miliyan 82, ya shiga ginin madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968 kuma ta shafe fiye da shekara hamsin tana ba da wuta. Irin wannan rance yana haifar da abin da zai biya shi, kamar manomin da ya ranci iri da taki. Ma'aunin kenan, kuma yaro ma zai iya riƙe shi: ina abin da aka gina, nawa yake kawowa, da wane kuɗi za a biya, in farashin mai ya faɗi da rabi me zai faru? Rancen da aka ci don biyan albashi, ko tallafin man da ba a san yawan wanda aka sha ba, ko don biyan kuɗin ruwan rancen bara, ba ya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan.

Cutar kuma ta sauko har cikin aljihunku. Ma'aikaci ya kama aiki yau, gobe masu rancen albashi sun same shi, kafin shekara ta cika rabin abin da yake samu ana yanke shi tun daga tushe, sai ya ci na biyu don ya toshe na farko. Ga kuma masu ba da rance ta wayar salula, waɗanda in ka yi jinkirin mako guda za su aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon cewa kai ɓarawo ne, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris 2022. Ba na zargin wanda yunwa ta kora can. Ina dai nuna muku cewa tsadar da ta kora shi, daga bashin sama ta gangaro.

Ku ne za ku riƙe fayil gobe, wasunku ma suna riƙe da shi yau. Babu rancen da gwamna ko minista ke ci sai wani ƙaramin jami'i ya rubuta takardar farko, wani ya yi lissafi, wani ya sa hannu cewa ya duba. A 1981 da 2007 akwai irinku a ofisoshin nan, sun ga alƙaluman, suka ce ba huruminsu ba ne. Alhali doka tana bayanku. Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta ce gwamnati ba za ta ci bashi ba sai don ayyukan raya ƙasa da gina ɗan Adam, a kan sassauƙan sharuɗɗa, kuma sai an gabatar da lissafin da ke nuna amfanin aikin ya rinjayi kuɗinsa. Jami'in da ya rubuta a fayil cewa ba a haɗo wannan lissafi ba, bai yi tawaye ba, aikinsa ya yi, kuma rubutun nan yana nan ko bayan an yi masa canjin wurin aiki.

Mu kuma da ke makaranta, ƙungiyarmu ta iya fitowa kan titi in an ƙara kuɗin makaranta, amma ba ta taɓa tambayar inda kuɗin da ya kamata a ba jami'a ya tafi ba. Ofishin Kula da Basussuka na tarayya yana buga abin da ake bin kowace jiha, na gida da na waje. Kowace ƙungiyar ɗaliban jiha ta ɗauki alƙaluman jiharta, ta je ta ga hanyar ko asibitin da aka ce an ciyo bashin dominsa, ta dawo ta ba mu labari a waɗannan shafuka. Majalisar ƙungiya kuma ta rubuta wa Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da Ofishin Basussuka, ta nemi kwafin lissafin amfani da aka gabatar kafin a karɓo dala biliyan 2.2 ta watan Disamba 2024, ta rubuta wa AMCON ta nemi sunayen mutum 350 ɗin nan da abin da kowannensu ya biya zuwa yau. A ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, kwana bakwai suke da shi su ba da amsa.